Malamata a Gado na Bakwai

Shafi na 14

Masu cika min waya da "Sista kin manta da mu", ban manta ba, aiki ne ya sha kaina. Wadda kuma ta ce in ban turo yau ba za ta biyo ni har asibiti, bismillah, ki taho da wuri, akwai gado goma sha biyu da ba a gyara ba.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: na dawo daga hutu na tarar da Malama kwance a ɗakinmu na matan da aka yi wa tiyata. Ita ta koya min aikin jinya shekara ashirin da shida da suka wuce. Gobe ake shirin sallamarta.

*

Fayil ɗinta na fara buɗewa, ina yi ina waige, don na san da tana tsaye a bayana da na sha faɗa. A wajen Malama mutum ake fara dubawa, takarda ta biyo baya.

Kwana tara da aiki. An yanke wani ɓangare na hanjinta, an fito da bakinsa ta gefen ciki, an manna jakar da bayan gida zai riƙa zuba a ciki. Babu zazzaɓi, awon jini daidai, tana ci, tana tashi da ƙafarta.

Na juya zuwa shafin koyarwa, inda muke rubuta abin da aka nuna wa mara lafiya kafin ya koma gida. Yadda ake cire jaka, yadda ake wanke wurin, yadda ake auna bakin hanjin a yanka rami daidai shi, da alamomin da in an gani a garzayo asibiti. Duk an yi musu alama. A gefe an rubuta: "Tsohuwar nas ce. Ta sani."

Rubutun Sista Doguwa ne. Ajinmu ɗaya a makarantar jinya, ita ma ta sha hannun Malama. Na same ta a teburin magani.

"Doguwa, wa ya tsaya a kanta tana canza jakar?"

"A kan wa? Malama? Wa ya isa?"

"To wa ya koya mata?"

"Ke dai Allah ya shirye ki. Na fara bayani, ban kai rabi ba ta ƙarasa min, har ta ce na riƙe almakashi kamar mai yankan farce. Tun daga ranar take jan labule ta yi abinta. Sai dai fa tana cin jaka. Jiya kaɗai uku ta karɓa."

"Uku? A rana ɗaya?"

"Kin san ta da tsafta."

Na san ta da tsafta. Na kuma san jakar da aka manna daidai tana kwana uku ba ta motsa ba.

Na haɗa kaya a tire na nufi gado na bakwai. Ɗakin nan ne fa, shi dai. An canza gadajen ƙarfe, an shafa sabon fenti, amma dogayen tagogin suna nan, famfon kusurwa yana nan yana ɗiga kamar yadda na same shi ina 'yar shekara goma sha tara. A nan muke jeruwa da safe, mu goma sha ɗaya, da fararen huluna da suka sha sitaci, tana bin mu ɗaya bayan ɗaya tana duba farce. Agogonta a manne a ƙirji, takalminta ba ya ƙara, sai dai kawai ki ji numfashi a bayan wuyanki. Mun ji tsoronta, mun yi gulmarta a ɗakin kwana, kuma babu wadda a cikinmu ba ta so ta zama ita ba.

Yau ga ta a jingine da filo biyu, ta yi ƙanƙanta a cikin rigar asibiti.

"Malama, barka da hantsi."

"'Yar Gaggawa." Ta yi murmushi. "Har yanzu kina jan ƙafar hagu? Tun daga bakin ƙofa na ji ki."

Shekarata arba'in da biyar, ni ce shugabar ɗakin nan, amma sunan da ta raɗa min bai tsufa ba.

Na ja labule. Na kama wuyan hannunta na ɗora yatsu uku.

"Ba ga injinku can ba?"

"Wadda ta koya min ta ce inji ba ya jin sanyin hannun mutum."

"Ashe kina ji. Ni na ɗauka barci kike yi a baya."

Na saurari cikinta, hanji yana motsi. Na matsa ƙwaurinta, babu kumburi, babu zafi. Kafin in buɗe baki ta jero min amsa: ciwo kaɗan ne, ba ta amai, fitsari lafiya, ta zagaya baranda sau biyu da safe.

"Kin gama? Je ki sa hannu a takardar sallamar, Barista za ta zo gobe da wuri."

Barista 'yarta ce, ita kaɗai ta haifa, lauya ce a wani gari mai nisa.

"Saura abu ɗaya, Malama. Ina so ki canza jakar a gabana."

Murmushin ya ɗauke.

"A gabanki?"

"Eh."

"Ke za ki koya min?"

"A'a. Gani kawai zan yi."

"To buɗe kunnenki. A wanke hannu. A ɓare jakar daga sama zuwa ƙasa, ana danne fata da ɗaya hannun. Ruwan ɗumi da auduga, ban da sabulu mai ƙamshi. A bari ya bushe sarai. A auna, a yanka rami, kar ya matse, kar ya yi faɗi. A manna daga ƙasa, a dafa da tafin hannu minti ɗaya. Na ci jarrabawar?"

"Da baki kin ci."

"Ke!"

"Malama, ke kika ce mara lafiya bai iya ba sai ya yi da hannunsa mun gani. Ko da likita ne. Haka kika ce, ko da likita ne."

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa mai da mata magana ba sai yau.

"Kawo tiren," ta ce.

Ta wanke hannu a kwanon da na miƙa. Hannun nan bai manta komai ba, ta ɓare jakar a hankali, tsaf. Da wurin ya bayyana sai da na cije leɓe.

Fatar da ke kewaye da bakin hanjin ta yi ja, ta saɓule a gefe ɗaya, tana tsatsar ruwa. Na juya tsohuwar jakar. Ramin a karkace yake, ya yi faɗi ta sama, ya shige ta ƙasa. A ƙasan bakin hanjin kuwa ga wata 'yar yanka tana fitar da jini, inda gefen jakar ya riƙa gurzarsa. Shi bakin hanji ba ya jin zafi, ko an yanke shi mutum ba zai sani ba sai ya gani.

"Malama, ya kika gan shi yau?"

"Lafiya lau. Jajir, da laima, kamar cikin baki."

"Babu komai a jikinsa?"

"Me zai kasance?"

Ta faɗa kanta a sunkuye, amma ba wurin take kallo ba. Ta karkatar da fuska gefe, tana leƙe da wutsiyar ido. A nan abubuwa suka fara haɗuwa a kaina. Tun da na shigo, kunnena take kallo in tana min magana. Tabaranta na kan durowa a naɗe. Kuma ba ta ce ta gan ni ba, cewa ta yi ta ji ni.

Na ɗauko katin awo, mai ramuka manya da ƙanana, kowanne da lambarsa a jiki. Na ɗora mata a hannu.

"Auna mana."

Ta shafa katin da yatsa, ta ɗora rami ɗaya a kai.

"Nawa ya nuna?"

"Talatin da takwas."

"Talatin da takwas ranar da Doguwa ta auna ne, Malama, lokacin yana kumbure. Ya saɓe yanzu. Karanta min lambar da ke ƙarƙashin yatsanki."

Ta kusanto da katin fuskarta. Ta nesanta shi. Ta karkata kai.

"Hasken ɗakin nan bai taɓa kyau ba."

Rana ce tsaka ta shigo ta doguwar tagar, har tana kashe min ido.

"Malama."

"Rubutun ƙanana ne."

"Malama, tun yaushe?"

Ta ajiye katin a kan zanin gado. Ina jin ɗigar famfon kusurwa da ƙarar keken abinci a baranda.

"Rufe min cikina tukuna," ta ce. "Ba na magana a buɗe."

Na sa safar hannu. Na wanke wurin, na danne yankar da auduga har jinin ya tsaya, na barbaɗa hodar fata a inda ya saɓule, na auna, talatin da biyu ne, na yanka na manna. Ina yi hawaye na taruwa min, ina mai da shi. Ita ce ta fara kama hannuna ta nuna min yadda ake wanke ciwo daga tsakiya zuwa waje, a gadon da ke kallon wannan.

"Shekara biyu," ta ce. "Da farko layin ƙofa ne ya fara lanƙwashewa. Sai tsakiyar komai ta fara gogewa. Yanzu in na kalle ki, ina ganin kafaɗunki da labule, fuskar babu."

"Kin ga likitan ido?"

"Na shiga mota na tafi garin da ba a san ni ba. Ya ce can bayan idon ne ya lalace. Ba yana ba ce da za a kankare. Ba zai dawo ba."

"Barista ta sani?"

"Da ta sani da kin gan ni a gidana har yau?"

"Amma ya aka yi ba ta gane ba?"

"Sau uku take zuwa a shekara, kwana bibbiyu. Kafin ta iso na share, na jera komai a inda na sani. In ta miƙo min waya in ga hoton jikokina, in ce masha Allah sun girma. Ai sun girma ɗin, ba ƙarya na yi ba."

Ta yi 'yar dariya, ni na kasa.

"Zauna, 'Yar Gaggawa. Tsayuwarki a kaina tana sa ni jin kamar mara lafiya."

Na zauna a bakin gado, abin da ta hana mu yi shekara da shekaru.

"Barista ta gyara min ɗaki a gidanta. Hawa na biyar. Mun yi rigima kafin a shiga da ni tiyata, muka rabu a kan magana ɗaya. In asibiti suka rubuta zan iya kula da kaina, ta mai da ni gidana. In ba su rubuta ba, ta tafi da ni, a kulle gidan. Kin san lauya, sai ta gani a rubuce."

"Gidan 'yarki ne fa, Malama. Ba wani wuri ba ne."

"Ba ki gane ba. Shekara arba'in da ɗaya ina gidan nan. Daga gadona zuwa banɗaki taku goma sha ɗaya. Daga kicin zuwa igiyar shanya taku tara, akwai tudu a na shida, mahaifin Barista ya yi ta cewa zai gyara har Allah ya ɗauke shi bai gyara ba. Kujerarsa tana nan a inda ya bar ta. Na san kowane cokali da hannuna. Da yamma tsofaffin ɗalibaina suna leƙowa, mu zauna a baranda, su kawo min labarin ɗakin nan, in yi musu faɗa su ji daɗi. A gidana ni ba makauniya ba ce. A gidanta, daga ranar farko sai an riƙe min hannu."

Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Layin ƙarshe ne ya rage, na shugabar ɗaki. Sa hannu kawai za ki yi."

Jama'a, kun san abin da ya faɗo min?

Shekararmu ta biyu, wata mata a gado na uku, kwana ɗaya da aiki. Yunwa nake ji, ƙawayena suna jira na a ƙofa. Na kalle ta, tana kwance shiru, na rubuta bugun jini tamanin ban ƙirga ba. Ban kai ƙofa ba na ji an kama min hannu. Malama ta jawo ni, ta danna yatsuna a wuyan hannun matar, ta ɗaga min agogonta a gaban ido. Ɗari da ashirin da shida, hannun sanyi ƙalau. Jini take zubarwa a ciki. Aka koma da ita tiyata a guje, ta rayu. Da aka natsa Malama ta yaga takardar a gabana, ba ta ɗaga murya ba, ta ce abin da idona bai gani ba, hannuna bai taɓa ba, kar birona ya ƙara rubuta shi. Ranar na samu sunana. Ranar kuma ta raba abincinta biyu ta ba ni rabi, don ta ga na kasa daina kuka.

"Na san abin da kike tunawa," ta ce. "Kar ki tuna min."

"Ban ce komai ba."

"Numfashinki ya faɗa."

"Malama, ba zan iya sa hannu ba."

Ta saki hannuna.

"Yau kuma?"

"Saurare ni. Ki ba ni kwana huɗu. Zan roƙi Likita ya ɗaga sallamar, ga fatar nan ma ta isa dalili. Zan koya miki da hannu, ba da ido ba. Ni zan riƙa yanka jakunkunan, ke ki koyi zagaye bakin hanjin da yatsa ki ɗora daidai. Hannunki ya fi na kowa a ɗakin nan, cikin kwana biyu za ki iya."

"To shi ke nan. Ki koya min, ki sa hannu."

"Da saura. Hannu yana manna jaka, amma ba ya ganin launi. In ya fara duhu, jini ne ba ya isa gare shi, kuma ba za ki ji komai ba. Yau ma yana zubar da jini kika ce min lafiya lau."

Ta kai hannu cikinta.

"Jini?"

"Kaɗan. Na tsayar. Amma dole a samu mai ido ya duba shi kullum. Ni zan iya biyowa bayan na tashi aiki, Doguwa ma za ta zo, mu raba kwanaki. Za ki iya zama a gidanki, Malama, na yi miki alkawari zan tsaya a kan haka. Amma sai an rubuta gaskiya. Kuma sai Barista ta ji daga bakinki."

"Ba ki san ta ba. Tana jin kalmar ido za ta kira mota."

"Mu gwada ta."

"Ni na haife ta."

"Ni kuma ke kika koya min."

Ta juyar da kai wajen taga. Hawaye ya gangaro mata. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen Malama ba, ko ranar da muka yi mata walimar ritaya mu muka yi kukan, ita tana gyara wa wata hula.

"Da na sani da na bar ki kin tafi cin abincinki ranar," ta ce.

"Da matar ta mutu."

"Na sani. Bar ni in yi fushina."

Can ta sake lalubo hannuna, wannan karon ta matse da ƙarfi.

"Kwana huɗun na yarda. Koyarwar na yarda. Ki rubuta fata ce ta saɓule, ai gaskiya ce. Amma maganar ido ki bar min ita. Shekara biyu na ɓoye, ba zan iya kallon yarinyar nan in ce mata rabona da ganin fuskarta tun..."

Zoben labule ya yi ƙara.

Na waiga.

Barista ce. Gobe aka ce za ta zo, ga ta yau, da jakar kaya a kafaɗa, hannu ɗaya riƙe da labulen. Tana tsaye a ƙafar gado, taku biyu tsakaninsu, cikin hasken taga. Ban san tun yaushe take bayan labulen ba.

Malama ta goge ido da sauri, ta gyara zama, ta ɗago ta kalle ta kai tsaye. Muryar nan ta dā ta dawo, wadda ke sa ɗalibai goma sha ɗaya su miƙe tsaye.

"Wace ce? Doguwa ce? Ba a koya muku neman izini kafin ku ɗaga labule ba?"

Barista ta juyo ta kalle ni.

Na matse hannun Malama don ta dakata, amma ta ci gaba.

"Ko wace ce ke, abin da kika ji a nan ya tsaya a nan. Kin ji ni? Musamman 'yata. In ta zo gobe, kar wadda ta kuskura ta ce mata komai."

Jakar ta zame daga kafaɗar Barista ta faɗi ƙasa.

"Mama," ta ce. "Ni ce fa."